Ido ne ko kyamara? Ku ba ni shawara kafin kuɗin adashina su tafi

Na Gindin Dala:

Assalamu alaikum mutanen zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya zo kaina. Ku yi haƙuri idan na ja zance, malamin makaranta ne ni, mu kuwa ba a san mu da gajarta magana ba.

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a nan Kano. Shekara uku ke nan da na fara ɗaukar hoto da wayata, ba don komai ba sai don in nuna wa ɗalibai abin da nake zana musu a allo: yadda ruwan sama ke cin ganuwa, kududdufan cikin gari da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, yadda gari ke shimfiɗe idan ka hau Dala ka dubi Goron Dutse. Daga nan abin ya shiga jinina. Yanzu duk Asabar ana idar da sallar asuba nake fita, in yi ta yawo a ƙafa har hantsi ya dubi ludayi. Wayar Tecno Camon ce, gilashinta ma ya tsage ta gefe ɗaya. Hotunan da na tara sun haura dubu shida, ban taɓa karɓar sisin kowa a kansu ba. Iyakacina in ɗora a sitatus na WhatsApp, mutum arba'in su gani, biyar su ce "masha Allah Malam", in ji daɗi in kwanta.

Hoto biyu ne suka kawo ni gare ku, ɗaya na samu, ɗaya ya kuɓuce mini.

Wanda na samu a marinar Ƙofar Mata ne, cikin hunturun bara. Wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya san zane ba shuɗi yake fitowa daga ruwan baba ba, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi kana kallo. Na zauna kusa da wani dattijo kusan awa guda muna hira kafin in ciro waya. Da ya ɗago zanen, hasken safiya ya ratso hazo ta hagunsa, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, zanen rabi kore rabi shuɗi. Sau ɗaya na danna. Duk wanda ya ga hoton nan sai ya tambayi wace kyamara ce, in na ce waya ce sai ya ce "kai, wayar nan tana da kyau". Maganar tana ɗan sosa mini rai. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa, ban taɓa jin an ce allina ne ya iya darasi ba.

Wanda ya kuɓuce kuwa a Hawan Daushe na ƙarshe da na halarta ne. Tun bayan azahar na kama wuri a Ƙofar Kudu, rana ta gasa ni son ranta. Da aka fara jahi, dawakai suka taho a sukwane, na yi ta dannawa har yatsana ya gaji, hoto fiye da ɗari biyu. Na koma gida na duba, babu ko ɗaya na kirki. Wanda na jawo da yatsa ya dagule kamar an zuba masa fura, wanda ban jawo ba kuma dawakan sun zama kamar ƙudaje. Wani saurayi da ke kusa da ni, mai kyamara da dogon lens fari, wato gilashin gaban kyamara, ya nuna mini nasa a nan take. Kumfar bakin doki ana gani, har aikin zaren da ke jikin jalala. Ranar ban yi barcin kirki ba.

To yanzu ɗaukar adashin ɗakin malamai ta zagayo kaina, ƙarshen wata zan kwashi dubu ɗari uku. Na ga Canon 600D ta hannu a wani shago a Sabon Gari, da ɗan lens ɗinta mai lamba 18-55, kuma kuɗin da mai shagon ya yanka zai lashe kusan duka. Uwargida ta ce firiza ta fi, ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo. Yayana ya ce in dai sai na saya, to in shiga ɗaukar hoton biki da suna in mayar da kuɗina, in ba haka ba almubazzaranci ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu ya wuce wasan yara. Ni kuma ko a mafarki ba na son hoton biki.

Abin da nake son ji daga gare ku: kyamarar za ta mayar da ni mai iyawa, ko dai in ido babu, babu? Sannan laifi ne mutum ya zuba kuɗi a abin da ba zai dawo masa da ko kwabo ba, don kawai ransa na so? Ba hukuncin hoto na zo tambaya ba, wannan na malamai ne, don Allah kada a karkatar da zancen can.

Mai Hoton Biki:

Wa alaikumus salam Malam. Sana'ata ke nan shekara tara, da ita nake ciyar da gidana, don haka zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi.

Masu cewa kayan aiki ba komai ba ne, in ka bincika yawancinsu suna da kayan a jaka. Ka shiga ɗakin taro da daddare, fitilu ja da kore suna juyawa, amarya ta sha leshi mai walƙiya, uwar amarya na tsaye a kanka, ka ga ko ido kaɗai zai fisshe ka. Farantin da haske ke sauka a kai a cikin 600D, wanda muke kira sensa, ya kai kusan milimita 22 a tsawo, 15 a faɗi. Na wayarka bai wuce farcen ƙaramin yatsanka ba. Wanda ya tara ruwan sama da baho da wanda ya tara da kofin shayi ba za su samu daidai ba.

Hotonka na doki abu biyu suka kashe shi, kuma ba laifin idonka a ciki. Na farko saurin ƙiftawa. Kyamara buɗe ido take yi ta rufe, abin da ya shiga a ɗan tsakanin nan shi ne hoto. Mutum a tsaye, kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa ya ishe shi. Doki a sukwane yana son kashi ɗaya cikin 1000 ko fiye. Jahi kuma da yamma ake yi, rana ta yi sanyi, ƙura ta tashi, sai wayar ta ga haske ya ragu ta sassauta ƙiftawar da kanta, doki kuwa ba zai jira ta ba. Na biyu nisa. Jawowar da kake yi da yatsa ba jawowa ba ce, tsakiyar hoton wayar ke yankewa ta buɗa shi, shi ya sa kake ganin fura.

Amma ga inda zan taka maka birki. 600D da 18-55 ba za ta kawo maka dokin nan ba. Ko ka murɗa lens ɗin har ƙarshe, kamar sau uku kawai zai ninka kusancin da wayarka ke ba ka. Za ka zubar da adashinka, ka koma Ƙofar Kudu, ka dawo da manyan ƙudaje maimakon ƙanana. Wanda kake buƙata shi ne 55-250, shi zai kai ka kusan sau goma sha biyar. Ita kyamarar kanta ba ta da laifi. A 2011 ta fito, megafiksel 18, ƙiftawarta na kaiwa kashi ɗaya cikin 4000, tsufanta ba zai hana ta tsayar da doki ba. Kuma kada mai shago ya ruɗe ka da lissafin megafiksel. Hoton da za a wanke a girman inci 5 da 7, megafiksel uku da ɗan ɗori sun ishe shi, WhatsApp kuwa matse hoton yake yi kafin mutanenka arba'in su gani.

In ka dage sai ka saya, ka sa a duba maka sau nawa ta taɓa ƙiftawa, don irin namu na biki muna tatse kyamara kafin mu sayar. Ka haska tocila cikin lens, in ka ga abu kamar yanar gizo-gizo, funfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Ka ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗigo-ɗigon ƙura. Da hunturu kada ka kuskura ka cire lens a waje. Ka kuma sani kusan kilo guda za ka riƙa ratayawa a wuya tun asuba har hantsi, mutane da yawa a nan sha'awar ke mutuwa.

Maganar Yayanka, kada ka shigo biki. Ba kishiya nake tsoro ba, tausayinka nake ji. Ina da tsohuwar kyamara irin wannan a ajiye da 55-250 ɗin. Ka turo mini saƙo ta ciki, ka zo ka ara ta Asabar ɗaya, gani ya kori ji.

Tsohon Mai Situdiyo, Zariya:

Jikana ne ke rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Shi ya karanta mini tambayarka na ce sai na sa baki.

Ɗana, ni a Sabon Garin Zariya na koyi aikin nan. Shekara uku ina ɗakin duhu, ina wanke hoto ƙarƙashin jar fitila, ina shanyawa, ina share situdiyo, kafin maigidana ya yarda in taɓa kyamara. Yashica ce mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama, kuma abin da ke dama a hagu za ka gan shi. Fim ɗinta hoto 12 yake ɗauka. Da ƙananan kyamarori suka zo masu hoto 36 muka ɗauka mun shiga aljanna. Kowane dannawa kuɗi ne, in ka ɓata ɗaya daga ladanka za a cire. Saboda haka ba ka dannawa sai ka gama hoton a cikin kanka: ina haske ya fito, me ke bayan mutum, hularsa ta karkace ko ba ta karkace ba, yaron nan zai ƙifta ido ko ya riga ya ƙifta.

Yaron da ya yi magana kafin ni ya yi gaskiya a kan doki, ban da abin ƙarawa. Amma na lura da abu guda a labarinka wanda kai ba ka lura da shi ba. A marina ka zauna awa guda ka danna sau ɗaya. A Ƙofar Kudu ka danna sau ɗari biyu, ba ka ce mana ka kalli hawan ba. Da ka natsu, akwai abin da wayarka za ta iya a wajen nan: dogari ya jingina da bango ya gaji, yaron da ke riƙe da linzami, masu algaita kumatu sun kumbura, tsohuwar da ta ɗora jika a kafaɗa. Duk waɗannan a kusa da kai suke, kuma ba gudu suke yi ba. Kai ka sa ranka a kan abu ɗaya da ƙarfen hannunka ba zai iya ba, sauran suka wuce ka.

Wannan abin da kuke kira baiwa, ni ban cika yarda da shi ba. Na koyar da yara sun fi ashirin. Wanda ya fi kowa iyawa a cikinsu, watansa shida yana yanke wa mutane kai. Abin da ya raba shi da sauran, in an wanke hoto ya lalace ba ya yarwa, sai ya zauna da shi yana tambaya me ya jawo. Sauran su ce fim ne ba kyau.

Ga misalin da ya shafi mutanenmu. Bahaushe in zai ɗauki hoto farar babbar riga yake sawa, fatarmu kuma baƙa. Kyamara in ta ga fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, riga ta fito tas, fuska ta zama gawayi. Wannan matsalar tana nan a Yashica, tana nan a wayarka, tana nan a kyamarar miliyoyi. Maganinta ba a shago yake ba. Ka fitar da mutum daga tsakiyar rana, ka tsayar da shi a bakin zaure, jikinsa na inuwa fuskarsa na kallon waje, ka auna hasken da fuskar ba da rigar ba. Jikana ya ce a waya taɓa fuskar ake yi da yatsa. Mu a da sai mu sa yaro ya riƙe farin zani daga gefe ya mayar da haske kan kumatu.

Akwai wani ɗan ƙasar nan, Ojeikere, ya rasu a 2014. Da 'yar ƙaramar kyamara mai suna Brownie ya fara a 1950, shi ma ya yi zaman ɗakin duhu a Ibadan. Daga 1968 ya kama ɗaukar hoton kitson mata, yawanci ta ƙeya, har ya tara kusan dubu. Kitson nan kowa na ganinsa kullum a kasuwa, shi ne ya ga cewa abin ajiyewa ne. Yau hotunan suna manyan gidajen tarihi na duniya.

Shawarata, Asabar mai zuwa ka ɗaure wa kanka hoto 12 kacal, kamar fim ɗina. Kuma cikin dubu shidan nan ka zaɓi goma ka kai a wanke maka a takarda. Hoton da ke cikin waya, ranar da ta faɗa ruwa ya tafi. Ni har gobe ina da na 1979 a akwati.

Mai Lalle, Kaduna:

Malam, ni ban san komai a kan kyamara ba, tambayarka ta biyu ce ta tsayar da ni.

Tun ina 'yan mata nake zanen lalle. Ranar Alhamis da daddare in tara ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, in yi ta gwada fure a hannunsu muna hira har barci ya kwashe su. Ba abin da nake so kamarsa. Sai aka fara ce mini irin abin da Yayanka ya ce maka: "ke da wannan hannun kina zaune, ga kuɗi na wucewa?" Na biye musu. Alhamdulillahi kuɗi sun shigo, ba zan yi butulci ba, da su na sayi keken ɗinki na biya wa yara makaranta. Amma yau shekara shida ban zana abin da raina ke so ba. Amarya za ta miƙo waya ta ce wannan na Instagram take so, kada a ƙara kada a rage, ƙawaye goma sha biyu na layi, bayana na ciwo, a ƙarshe a tsaya ana ja-in-ja a kan ciko. Ranar da ba aiki ko warin lalle ba na son ji. 'Yata ta ce in yi mata na sallah, sai da na ji kamar in biya wata ta yi mata.

Shi ya sa nake ce maka ka riƙe Asabar ɗinka da kyau. Maza nawa ne ke kashe kuɗi a kiwon tattabaru, ko doki, ko kallon ƙwallon Turai, ba wanda ya ce su mayar da kuɗinsu? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na taɓa ganin labarin wata mata a Amurka, Vivian Maier, rainon yara ne aikinta a Chicago. Shekara da shekaru tana yawo da kyamara a titi, ta ɗauki hoto sama da dubu ɗari, ba ta sayar ba, ba ta ma nuna wa mutane ba. Sai a 2007 da aka yi gwanjon kayanta aka gano su, ta rasu a 2009 ba ta san duniya za ta san sunanta ba. Mutane na cewa abin tausayi. Ni da na ji, cewa na yi matar nan ta sha daɗinta ita kaɗai, ba amaryar da ta taɓa ce mata kada a ƙara kada a rage.

Sai dai fa ina bayan uwargida a abu ɗaya. Ba kyamarar take ƙi ba, gani take kuɗin shekara guda za su tafi a wuyanka kai kaɗai. Ku zauna ku yi magana, kada ta ji a bakin 'yan zaure. Kuma don Allah in za ka ɗauki mata a hanya ka nemi izini tukuna.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa daga Damagaram, Malam. Ni ma irinka ne, ma'aikacin asibiti, ranar hutu ina zagaya unguwar Birni ina ɗaukar zanen da ke fuskar tsofaffin gidaje kafin damina ta gama da su. 'Yar ƙaramar kyamara gare ni da na saya jika talatin wajen wani abokin aiki.

Mu nan mun fi jin labarin mutanen Mali. Seydou Keïta kafinta ne a Bamako, kawunsa ya kawo masa Kodak Brownie daga Senegal a 1935. Da ya buɗe wurinsa a 1948, a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, labulensa na farko ma zanen shimfiɗar gadonsa ne, kuma yawanci sau ɗaya yake danna wa mutum saboda tsadar kaya. Malick Sidibé shi ma da Brownie ya fara a 1956, yana bin wuraren rawar samari da dare. A 2007 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya ta karrama aikin tsawon rayuwa a bikin baje kolin fasaha na Venice, shi ne mai hoto na farko da ya samu irinta. Ba su jira kaya sun cika ba suka fara.

Amma zafin da ka ji a kan doki na san shi. Ni a filin kokowa nake shan nawa, ana kayar da mutum kafin tawa ta farka.

Mai Hoton Biki:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganar dogari da mai algaita ta shige ni, ni kaina na daɗe ban kalli gefe ba. Amma Hajiya da ɗan'uwana na Damagaram, a cika labarin. Ita Vivian ɗin Rolleiflex take ratayawa, a zamaninta tana cikin kyamarori na gaba-gaba. Keïta kuma hotunan da ake yabo ba da Brownie ya ɗauke su ba, da babbar kyamara ce mai nagatif santimita 13 da 18, shi ya sa ake ƙirga zaren zani a jikinsu. Da ƙarama suka fara, da suka san abin da suke nema suka nemi ƙarfen da zai iya. Malam ma ai ya san nasa, doki ne.

Na Gindin Dala:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru mako biyu ne don in dawo da labari ba da surutu ba.

Na je na karɓo aron kyamarar, Allah ya yi wa wannan bawan Allah albarka, ko shaida bai nema ba. Ya saita mini ƙiftawa a kan 1000, ya ce kada in taɓa komai. Ranar Juma'a da la'asar na tafi filin sukuwa wajen masu kilisa. Hoto 340 na ɗauka, Baba ka yafe mini. Yawancinsu ko na yanke kan doki, ko na samu wutsiya kawai, ko kyamarar ta kama bishiyar baya ta bar dokin. Lens ɗin nan in ka jawo shi har ƙarshe, numfashinka ma girgiza hoto yake yi. Amma uku sun fito. A ɗaya, ƙafafun dokin huɗu duk suna sama, ƙasa na tashi a bayansa, mahayin ya cije leɓe. Na zauna a kan babur ina kallonsa har aka kira magariba. Ba zan ɓoye muku ba, wayata ko shekara za ta yi ba za ta ba ni wannan ba.

Washegari na tafi marina da ita, a nan kuma labari ya sha bamban. Mutanen da na saba zama cikinsu ba wanda ya kula da ni, suna ganin abu a wuyana kowa ya gyara tsayuwa. Wani ya tambaye ni daga wace jarida, wani ya cire hular aiki ya sa ta kirki, wani yaro ya kafe kamar soja. Ga 55-250 ba ya ɗaukar abin da ke kusa, sai na ja da baya har na kusa faɗawa rijiyar baba. Na mayar da ita jaka, na zauna, aka manta da ni, sannan na ciro waya na yi goma sha biyun Baba. Biyu a ciki ina son su.

Mun zauna da uwargida kamar yadda Hajiya ta ce. Na nuna mata hoton dokin, ta daɗe tana kallo, ta ce yana da kyau, sannan ta tambaye ni sau nawa ake hawa a shekara. Ban da amsar da ta wuce sallah biyu. Firiza za a saya. Mai Hoton Biki ya ce duk lokacin hawa in tsohuwar na ajiye in zo in ɗauka, in ba shi kuɗin batir, ni kuma na fara ware dubu biyar duk wata a gefe. Yayana na gaya masa ba biki ba suna, ya ce ni na sani. Har yanzu in na bi ta Sabon Gari sai na rage gudu a ƙofar shagon nan, kyamarar tana nan cikin gilashi.

Na kai goma an wanke mini, na kai wa dattijon marina nasa. Ya goge hannu a riga ya karɓa ta gefe-gefe, ya kira abokan aikinsa suka gani. Sai ya ce hoton ya yi, amma na ɗauke shi cikin tsumma kamar ba shi da kowa, ba zai rataye wannan a ɗaki surukai su gani ba. Ya ce in zo gidansa ranar Juma'a bayan an sauko, zai sa babbar rigarsa in ɗauke shi na gaske.

Baba, rigar fara ce, na tambaya. Zaurensa kuma yamma yake kallo, kuma ya ce ƙarfe uku zai fita ɗaurin aure. A bakin ƙofar zan tsayar da shi ko in ɗan shigar da shi ciki, kuma yaron da zai riƙe farin zanin ta wane gefe zai tsaya?